Yanda ake haɗa jerin tsofaffin waƙoƙi tare da abokai, a kuma yi hirar littattafan kiɗa a kai

Wani dare ne na jefa linkin wata tsohuwar waƙa a guruf ɗinmu na WhatsApp, ko kalma ɗaya ban rubuta ba na kwanta abuna, da safe ina buɗe waya na tarar saƙonni sun cika fal, wannan yana cewa wallahi ka tuna min da mahaifina, wancan yana cewa ai akwai wadda ta fi wannan bari in nemo, wata kuma ta turo saƙon murya tana rera amshin. Daga nan aka ce toh me zai hana mu haɗa jeri guda ɗaya kowa ya zuba nasa. Mun yi, kuma na farkon bai yi ba sam. Cikin kwana biyu waƙa ta haura ɗari biyu, mutum ɗaya ya zuba arba'in a dare guda, babu wanda ya ji ko rabinsu, aka yi taron tsintsiya ba shara. Sai a karo na biyu muka gane kan abun, shi ne nake so in bayyana muku dalla-dalla yanda muke yi yanzu, har da ɓangaren littattafai wanda a wajena shi ne ya fi komai daɗi.

Fara da mutanen. Biyar zuwa takwas sun isa, in suka fi haka wasu za su koma 'yan kallo. Kuma dan Allah kar ku tara sa'annin juna zalla, ku nemo babba ɗaya ko biyu, kawu ko gwaggo ko wani tsohon abokin aiki, ku sako ƙarami ɗaya. Dalili kuwa masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abubuwan da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa su ne suka fi zama masa a rai, waƙa ma haka take, shi ya sa in duk ku 'yan shekara talatin da wani abu ne toh jerin naku zai fito kaman mutum ɗaya ne ya zaɓa. Amma in akwai mai shekara sittin da biyar a ciki zai kawo muku abinda ba za ku taɓa lalubowa da kanku ba.

Abu na biyu, ku zauna ku yanke me kuke nufi da tsohuwar waƙa tun kafin kowa ya saka komai, don nan ne rigima take fara ɓullowa. Yaron da aka haifa a 2003 waƙar 2010 tsohuwa ce a wajensa, Kawu kuwa zai ce ai wannan jiya-jiya ce. Mu dai shekara muka sa, muka ce duk abinda aka ɗauka kafin 2000 ya shiga, na bayan nan ya jira wani jerin. Ku kuna iya cewa shekara 30 baya, ko ku ce zamanin faifai da kaset kawai, duk wanda kuka ga dama, muhimmin abu dai a rubuta shi a saman guruf kowa ya gani. Haka batun harshe da iri, za a haɗa na Hausa da na Indiya da na Larabci da na Turanci ne ko kuwa ɗaya za a tsaya a kai? Ni ina goyon bayan a haɗa, sabida kunnen yawancinmu dama haka ya tashi, rediyo ɗaya ce take saka maka kalangu yanzu anjima ta saka maka Lata Mangeshkar. Sannan ku faɗa wa juna iyakarku a fili, in akwai kalaman da wani ba zai iya ji a gaban 'ya'yansa ba a sani tun yanzu.

Yanzu ga dokar da ta ceci jerinmu: tsawo. Ku ƙayyade shi da minti, kar ku ƙayyade da yawan waƙoƙi kawai. Mu kaset muka ɗauka a matsayin ma'auni, irin wanda ake rubuta C90 a jikinsa, minti 45 kowane gefe, 90 gaba ɗaya. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar wa wani waƙoƙi a ciki ya san yanda ake lissafi da zuciya ɗaya, kana kallon zaren yana ƙarewa kana addu'a waƙar ƙarshe ta shiga kar ta yanke a tsakiya. Wannan ƙuncin wurin shi ne yake sa mutum ya zaɓa da gaske. Spotify zai bar ka ka zuba har waƙa 10,000 a jeri ɗaya, YouTube 5,000, amma wa zai ji? In ku shida ne, minti 90 ya zama kowa minti 15 kenan.

Me ya sa nace minti? Sabida tsofaffin waƙoƙi tsawonsu ya sha bamban sosai, kuma akwai dalili. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, mai faɗin inci 10, wajen minti uku kawai yake ɗauka a gefe ɗaya, shi ya sa waƙoƙin wancan zamanin kusan duk gajeru ne, mawaƙi dole ya matse abinda zai faɗa. Sai a 1948 kamfanin Columbia a Amurka ya kawo dogon faifai mai juyi 33 da sulusi wanda gefe ɗaya yake haura minti 20, a 1949 kuma RCA ya kawo ƙarami mai juyi 45 na waƙa ɗaya. Da wuri ya samu sai kaga Fela Kuti ya cinye gefen faifai sukutum da waƙa guda, Ummu Kulsum ta Masar kuwa a dandali waƙa ɗaya tana iya kaiwa kusan awa tana maimaita baiti jama'a na roƙon ta sake. Toh in kun ce kowa ya kawo uku, mai son 'yan minti uku zai tashi da minti tara, mai son Ummu Kulsum zai cinye muku yini. Da lissafin minti kuwa kowa ya san rabonsa, in kana so ka kashe minti 15 ɗinka kan waƙa ɗaya ta Shata bismillah, haƙƙinka ne.

Batun manhaja ba zan daɗe a kai ba. Ku zaɓi wadda kowa yake da ita, ba wadda ta fi burgewa ba. A Spotify mutum ɗaya zai buɗe sabon jeri, ya sa masa suna, ya danna ɗan hoton mutum mai alamar tarawa, zai ba shi linkin gayyata ya tura wa sauran, linkin kwana bakwai yake yi ya mutu don haka a shiga da wuri, kuma yana nuna hoton wanda ya saka kowace waƙa a gefenta. A YouTube ma akwai inda ake kunna haɗin gwiwa a saitin jerin, sai dai kar a bar jerin a kulle na mutum ɗaya. Apple Music sun kawo nasu a farkon 2024 amma sai masu biyan wata. Gaskiya don tsofaffin waƙoƙi, musamman na gargajiya, YouTube ya fi yawan kaya sabida mutane da kansu suke ɗora abinda suka kwafo daga kaset. In akwai wanda bai iya waɗannan abubuwan ba kaman Kawu, ya faɗi sunan waƙar kawai wani ya saka masa.

Toh mu zo kan zaɓen kanka, nan ne aikin yake. Ajiye waya tukunna. Ɗauki takarda da biro ka rubuta waƙoƙi goma da suka zo maka a ka ba tare da ka bincika komai ba, ko sunan baka sani ba rubuta guntun amshin. In ka fara da bincike a intanet abinda zai faru shi ne za ka kwafo jerin fitattu wanda kowa ya sani, naka na zuciya ya ɓace. Bayan ka rubuta sai ka nemo kowace ka ji ta daga farko har ƙarshe, ba tsallake, zaka sha mamaki, wata waƙar ashe amshinta kawai kake so, tana kaiwa minti na uku ka ji ka gundura, wata kuma da ka sa ta a ƙasan takarda ita ce za ta tsayar da kai cak ka kasa ci gaba da abinda kake yi. Soke wadda ta gundure ka ko da kuwa duniya ta yarda fitacciya ce. Cikin sauran ka tambayi kanka, wace ce in aka ce in faɗi dalili zan iya magana ta minti ɗaya ban tsaya ba? Su ne naka. Shawarata ka bayar da ɗaya wadda kowa ya sani don a samu abin rerawa tare, ɗaya wadda kake zaton kai kaɗai ka sani, in da sauran minti ka cike da wadda ranka ya kwanta da ita.

In baka san sunan waƙa ba, Shazam, wato manhajar gano waƙa, yana ganewa in ka kara masa sautin, sai dai ga waƙoƙin da ba su taɓa shiga kundin manyan kamfanoni ba sau da yawa shiru zai yi maka, gara ka rera wa babba a waya. Wajen bincike kuma ka riƙa juya rubutun suna: Ɗan Maraya, Dan Maraya, Danmaraya, kowanne abinda zai fito maka daban. Ummu Kulsum haka, wani wajen Umm Kulthum, wani wajen Oum Kalthoum yanda 'yan Faransa suke rubutawa. Waƙoƙin finafinan Indiya kuwa ka tuna wanda kake gani a fim yana motsa baki ba shi yake rerawa ba, irin su Mohammed Rafi ne a bayan labule, don haka nemi da sunan fim ɗin ko sunan mawaƙin na gaskiya.

Ga inda nake so ku nutsu sosai, wato wace ɗauka za a saka. Waƙa ɗaya tana iya samun ɗauka biyar a intanet kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ta asali ta sitidiyo, akwai ta dandali da tafin jama'a, akwai wadda mawaƙin ya sake ɗauka bayan shekara ashirin murya ta riga ta sauka, akwai wadda aka wanke sautinta da na'ura, sannan akwai wadda wani daban ya rera aka liƙa sunan mai ita don a samu masu dannawa. Hausawa suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma wani lokacin gano mai itan ma aiki ne. Waƙar nan ta Whitney Houston da ta zagaye duniya a 1992, wato I Will Always Love You, Dolly Parton ce ta rubuta ta kuma ta fitar da ita tun 1974, mutane da yawa har gobe ba su sani ba. A irin wannan wanda ya zaɓa shi ke da ta cewa, in ta bakin ta biyun ce ta shige shi toh ita za a saka, amma a rubuta asalin a gefe.

Mawaƙan baka kuma nasu ya fi haka zurfi. Mutum irin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba rubuta waƙa yake yi ya hardace ba, gindin waƙar, wato amshinta, yana nan amma ɗiyan, wato baitocin, suna canzawa gwargwadon wuri da waɗanda ke zaune, yau ya sako sunan wani gobe ya sako wani zancen daban. Don haka in wani yace ai ba haka waƙar take ba ni na san ta, wataƙila ku duka biyun kuna da gaskiya, kaset ɗin gidanku ne daban da na gidansu. Mun taɓa yin kusan awa ana musu kan wani ɗa guda ɗaya, ƙarshe aka nemo ɗauka biyu aka ji su a jere, kowa ya ga nasa. Tun daga ranar muka sa doka, mai waƙa shi zai tura ainihin linkin ɗaukar da yake nufi, ba suna kawai ba.

Ku kuma saurari lafiyar sautin. Kaset ɗin da aka kwafa daga kaset aka sake kwafa, in rikodar da ake kunna shi a ciki tana gudu fiye da ƙa'ida sai muryar ta siranta kiɗan ya yi sauri, kaji dattijo mai kauri a murya ya koma kaman saurayi, in kuma batir ɗinta ya yi sanyi lokacin kunnawa sai akasin haka. Wanda ya san muryar mawaƙin zai gane nan take, shi ya sa babba a cikinku yake da amfani. Shuuu ɗin kaset da ƙaras-ƙaras ɗin faifai ni ba sa damuna ko kaɗan, gara su da ɗaukar da aka wanke har kalangun ya rasa nauyinsa. Wani abu kuma, shekarar da manhaja take nunawa a ƙarƙashin albam sau da yawa shekarar da aka sake fitarwa ce, zaka ga an rubuta 2015 alhali ɗaukar ta shekarun 1970 ce. Duba ƙasan shafin inda ake sa harafin P a cikin da'ira, wani lokacin asalin shekarar tana nan, ko ka leƙa Discogs, shafin da masu tara faifai suke jera kowane bugu da hoton bangonsa tun shekarar 2000.

Bayan an zaɓa, kowa ya faɗi dalili. Wannan ba na ganin dama ba ne a wajenmu, waƙar da ba ta zo da dalili ba ba ta shiga. Saƙon murya na minti ɗaya ko layi huɗu biyar a rubuce: ina ka fara jin ta, wa take tuna maka, wane wuri ne a cikinta kake so mu kasa kunne. Na ƙarshen nan shi ya fi amfani, ka ce a minti na biyu da daƙiƙa arba'in ku ji yanda 'yan amshi suka shigo kafin ya rufe baki, sai kaga kowa ya koma ya nemi wurin. Kawu da ya turo nasa, ya yi shiru na ɗan lokaci a farkon saƙon har na zaci bai danna ba, sai yace yara wannan ita ce marigayiya take sakawa in tana shara da safe, rediyon tana kan taga, ni ban taɓa cewa ina son ta ba sai da aka daina sakawa. Wata 'yar'uwarmu ta amsa masa da Allah ya jiƙan Gwaggo, Kawu, mun karɓa. Waƙar nan a da in ta zo tsallake ta nake yi, yanzu ba na iyawa.

Sai jerawa. Mutum ɗaya a ba shi wannan aikin, a riƙa karɓa-karɓa duk zagaye. Kar a jera mutum-mutum, wato duk na wane sannan duk na wance, a gauraya. Buɗe da wadda kowa ya sani mai ɗan zafi don a shigo da kowa, doguwa mai nauyi a sa ta wajen tsakiya, kar a haɗa dogaye biyu a jere, kar a sa mawaƙi ɗaya sau biyu a jere, a rufe da mai sanyi. Ka saurari daƙiƙa goman ƙarshe na wannan da goman farko na mai bi mata, in kunnenka ya yi tuntuɓe canza. Wasu suna son bin shekaru daga tsohuwa zuwa sabuwa, yana da kyau in za ku haɗa da karatun tarihi don zaka ji yanda sauti yake buɗewa daga faifai zuwa kaset zuwa CD da ya fito a 1982. A saiti ku kunna abin daidaita ƙarar sauti sabida tsofaffin ɗauka sun fi na baya-bayan nan sanyin ƙara, ku kashe cakuɗawa, ku kuma kashe abin nan da yake shigo da waƙa ta gaba kafin ta farko ta ƙare, don yana cinye rufewar waƙa, kuma a wajen tsofaffin mawaƙa a rufewar ne ake sallama da addu'a. In za ku raba iyafis ɗaya ku biyu ku sani wasu ɗaukar shekarun 1960 murya tana kunne ɗaya kayan kiɗa suna ɗayan, sai ku mayar da sautin na bai ɗaya a saitin wayar.

Doka biyu na zaman lafiya. Babu mai goge waƙar wani, ko da manhajar ta ba ka dama, a Spotify kuwa tana bayarwa. Ya taɓa faruwa da mu, wani ya cire ta wani yana ganin gyara ya yi, mai waƙar bai ce uffan ba ya dai daina magana a guruf sati biyu, sai da aka bi shi aka ba shi haƙuri. Na biyu, ji na farko babu tsallake. A ba da sati ɗaya kowa ya ji minti 90 ɗin nan ko a zama biyu, gefe ɗaya yau ɗaya gobe kaman kaset.

Toh littattafai. Yanda abun ya shigo mana shi ne musu ya yi yawa, wace shekara aka yi wannan, wa aka yi wa waccan, me kalmar nan take nufi, kowa na faɗin abinda ya ji a bakin wani, sai ɗayanmu yace ai akwai littafi a kai, aka ce kawo shi. Littattafan kiɗa iri-iri ne kuma ya kamata ku san wanne kuke riƙe da shi. Akwai tarihin rayuwar mawaƙi ɗaya, kaman Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ko wanda Virginia Danielson ta rubuta kan Ummu Kulsum a 1997. Akwai na bayanin kalmomi da kayan kiɗa, kaman wanda David Ames da Anthony King suka yi kan kiɗan Hausa a 1971, irin wannan ba a karanta shi daga bango zuwa bango, ana buɗewa ne in an ci karo da suna. Akwai ƙananan littattafai da kowanne yake magana kan albam ɗaya tak, akwai wani jeri da ake kira 33⅓ da aka fara a 2003 wanda aikinsa kenan. Akwai masu tattara baitoci zalla, akwai na nazari irin na jami'a, sannan akwai na koyon kiɗa masu alamomi kan layi biyar, su wannan na mai son kaɗawa ne, kar ku ɗauko shi don hira. Don farawa tarihin rayuwa ya fi jan mutane tunda labari ne.

Ku bari jerin ya zaɓar muku littafin, mawaƙin da ya fi fitowa ko wanda aka fi musu a kansa shi za a nema. Kar ku ce kowa sai ya karance duka, ba za a yi ba. A raba babi-babi, kowa ya ɗauki ɗaya, in kwafi ɗaya ne a riƙa miƙawa. Kafin ka fara babinka juya bayan littafin, yawancin masu kyau suna da jerin sunaye da lambar shafi, wasu har da jerin faifan mawaƙin da shekaru, nemo waƙoƙin da ke cikin jerinku ka ga shafin da aka ambace su. Tsarin da nake bi shi ne in ji waƙar, in karanta abinda aka ce a kanta, in sake jin ta nan take littafin na buɗe a cinyata. Ji na biyun nan daban yake wallahi, sunan da kake ji shekara da shekaru yana wucewa ta kunnenka kaman iska sai ya zama mutum mai sana'a da iyali da dalilin da ya sa aka ambace shi. Riƙe fensir, ka sa alama uku kawai: abinda ya ba ka mamaki, abinda baka yarda da shi ba, da waƙar da aka ambata wadda baka taɓa ji ba.

Ka kuma duba waye marubucin kuma a ina ya samo maganarsa. Ɗan mawaƙi ko yaronsa ya san abinda wani bai sani ba amma zai rufe wasu abubuwan, ɗan jarida yana son labari mai armashi, malamin jami'a yana da haƙurin bin diddigi amma wani lokacin zai cika ka da kalmomi. Shin ya zauna da mawaƙin ne ko da makaɗansa, ko daga wasu littattafan ya tattaro? Shekarar haihuwar tsofaffin mawaƙa da yawa zaka ga littafi biyu sun saɓa, sabida ba a rubuta ba a lokacin, ƙiyasi ake yi da wani abu da ya faru, don haka kar a ɗaga murya a kan wannan. In littafin fassarar baitoci ne ku riƙa haɗawa da kunne, masu rubutawa suna kuskuren ji su ma, kuma rubutu ba ya iya ɗaukar rauji, kalmar da mawaƙi ya ja ta daƙiƙa biyar a takarda harafi huɗu ce kawai.

Ranar hira, ko a zaune ko a kiran waya, awa ɗaya ta isa. Kowa ya zo da shafi ɗaya da waƙa ɗaya. Ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, a saka waƙar ko minti biyu daga ciki, sannan a buɗe magana. Tambayoyin da suke tayar mana da hira su ne, menene turken waƙar nan, yabo ne ko zambo ko wa'azi ko soyayya, kuma marubucin ya gane shi daidai? Me littafin ya faɗa wanda kunnenka bai ji ba? Me kunnenka ya ji wanda littafin bai kula ba? A bar ƙarami ya fara magana kafin manya, don in Kawu ya riga ya yanke hukunci yaro ba zai iya cewa shi ba haka ya ji ba. Kuma in littafi ya faɗi wani abu mara daɗi kan mawaƙin da wani yake ƙauna, a faɗa da ladabi, mutum yana iya jin kaman danginsa aka taɓa.

Waƙoƙin nan da kuka sa wa alama ta uku, waɗanda littafi ya ambata baku taɓa ji ba, su ne jarin zagaye na gaba. Mu muna ware musu minti 15 daga cikin 90, rabon littafi muke ce masa, wanda ya karanta babin shi zai nemo ɗaukar ya faɗi shafin. Kada ku ƙara a kan tsohon jerin, ku rufe shi ku buɗe sabo da lamba ta biyu. Sannan wani ya rubuta komai a waje guda, takarda ko fayil: sunan waƙa, mawaƙi, wace ɗauka, shekara in an samu, wanda ya zaɓa, da dalilinsa a taƙaice, a kuma adana saƙonnin muryar a wani wuri ba cikin guruf kawai ba. Waƙoƙi suna ɓacewa daga manhaja ba sanarwa, yarjejeniyar kamfani ta ƙare ko a rufe shafin wanda ya ɗora, ka buɗe wata rana kaga sunan ya dusashe baya dannuwa. A jerinmu na biyu guda uku sun tafi haka, da takardar nan muka sake nemo biyu, ta ukun har yanzu muna cigiya, Kawu yace yana zaton kaset ɗin yana cikin wata tsohuwar akwati zai duba mana.